Zuwa Ga Daktan Kanumfari Na Gagarawa Tasha

Bamange, ubangidanka ne ke gaishe ka. Ka zauna a durƙushe har in gama.

Labari ya same ni cewa ka sami ƙarin girma ba tare da an yi naɗi ba. Mu dai sanin da muka yi maka, mai tebur ne a Gagarawa Tasha, ka ƙulla citta, ka ƙulla masoro da kimba, ranar Alhamis ka maƙale a bayan a-kori-kura zuwa Maigatari ka baza kwalaben humrar uwargida. Sana'a ce mai albarka, ba wanda ya raina ta. Kwatsam sai ga shi an ce ka sayi lasifika mai caji, ka ɗinka farar riga mai aljihu a ƙirji har da biro biyu a soke, jama'a na ce maka Dakta kana amsawa ko ƙifta ido babu. Wace makaranta ce ta yaye ka? Ni rabon da in gan ka da littafi tun wancan na bashi, shi ma rabin sunayen da ke ciki na Fulani ne da ba su ci maka ko sisi ba.

Da rigar ce kaɗai da na bar ka da abarka, don Babarbare da son ado sai dai addu'a. Abin da lasifikar ke faɗa ne ya hana ni yin shiru. An naɗo mini shi a waya, na saurara da kunnena. Ga muryarka nan tana kirarin man kanumfari a 'yar kwalba: maganin haƙori, maganin sanyi, maganin olsa, basir mai tsiro da marar tsiro, taifot, har da wanda ba a faɗa a gaban surukai. Duk na yi dariyata. Sai da ka zo ƙarshe ka ce, "Na itace ne, ba na Bature ba, ko jariri ya sha ba abin da zai same shi." Nan dariyar ta tsaya mini a wuya.

Na itace ne! To zaƙamin da ke bayan dangarku a wace masana'anta ake ƙera shi? Tinya fa, da tumfafiya, da 'ya'yan cin-da-zugu da yara ke ci su kwana suna amai? Ka tambayi kowane yaron Fulani da ya taɓa riƙe sanda, zai gaya maka dawar da ake yi muku tuwo ita ce dai wadda gyauronta ke kayar da saniya cikin sa'a guda in ta afka masa da yunwa. Shuka ɗaya, gona ɗaya; abin da ya bambanta shi ne wane sashe aka ci, yaushe, kuma nawa. Mu da kuke ce wa 'yan daji mun san wannan tun kafin a yi mana kaciya. Ku masu taƙama da ilimin Gabas ne har yanzu ba ku zo shafin ba.

Bari in fara da ba ka labarin hajarka, don na san a tunaninka a Kasuwar Kurmi ake shuka ta. Kanumfari tohon furen wata bishiya ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe, a shanya shi har ya yi duhu. Asalinsa wasu 'yan tsibirai ne da ake kira Maluku a Indunusiya. Turawan Fotugal da na Holan sun zubar da jini ba kaɗan ba a kansa, 'yan Holan har sare bishiyoyin suka riƙa yi a tsibiran da ba su amince da su ba, don kada kowa ya sayar sai su. A farkon ƙarni na 19 aka kai shi Zanzibar da Pemba, Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya cika tsibiran da gonakinsa, bayi suka yi wahalar. Ban ce komai ba game da dalilin da ya sa sana'ar ta karɓe ka. A yau Indunusiya ce ta fi kowa noma shi, kuma mafi yawansa a taba sigarinsu mai suna kiretek yake ƙonewa, irin wadda Amurka ta haramta sayarwa a 2009. Madagaska kuma na cikin manyan masu fitar da shi kasuwar duniya.

Ban zo kushe kanumfari ba. Ta yaya zan kushe shi alhali yana cikin furar da matanmu ke dama muku kuna lashe ludayi? Yana cikin yajin mai jego, yana cikin kunu, yana cikin zoɓo, yana cikin shayin Buzaye. Tsofaffinmu in haƙori ya matsa musu, ƙwaya ɗaya suke dannawa a wurin, raɗaɗin ya lafa, kuma ba camfi ba ne. A cikinsa akwai wani sinadari da masana ke kira yujinol, shi ke ba shi ƙamshi da zafin nan, shi ke kuma kashe jin wurin da ya taɓa. Likitocin haƙori sun haura shekara ɗari suna kwaɓa shi da wata farar hoda suna cike kogon haƙori na wucin gadi. In ka taɓa shiga ɗakinsu ka ji ƙamshin ya yi kama da na teburinka, dalilin ke nan, ba wai sun saci fasaharka ba. Masu binciken kifi ma shi suke ɗigawa a ruwa, kifin ya yi laƙwas ya sume, su auna shi su duba shi. Ka ji fa: ɗigo kaɗan a bokiti, kifi ya sheme. Wannan ne kake cewa a ɗura wa jariri.

Yanzu sai lissafi, ka ajiye biron nan ɗaya ka ɗauki ɗaya. Busasshen kanumfari, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa mai ne, shi kuma man kashi 70 zuwa 90 cikin ɗarinsa yujinol ne. Don a tatso cikin cokalin shayi guda na man, sai an dafe kanumfari wajen giram 30, wato ƙwaya ta haura 300. Wa ka taɓa gani ya zauna ya tauna ƙwaya 300? Harshensa ma ba zai bar shi ba, daga ta biyar zai tofar ya nemi ruwa. Zafin nan shi ne mai gadin da Allah ya sa wa abin. Kwalbarka ce ta kori mai gadin: abin da baki ba zai yarda ya tauna ba, maƙogwaro zai haɗiye shi a kurɓi ɗaya. Ƙari a kan haka, yawancin man da ke arha a kasuwa daga ganye da ƙananan rassan bishiyar ake tatso shi, kuma wannan ya fi na ƙwayar yawan yujinol.

A 1982 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya sa ma'auni: miligiram 2.5 na yujinol a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, shi ne abin da za a iya ci kullum har tsawon rai ba fargaba. Bari in yi maka adalci in ce kai da tumbin burabuskon nan kun kai kilo 80. Rabonka miligiram 200 ke nan. Cokalin shayi na man da kake sayarwa kuwa yana ɗauke da wajen miligiram 4,000. Ninkin rabonka ashirin. Yaron da ke tatata mai kilo 10, nasa rabon miligiram 25 ne, ɗigo guda ya kai nan ko ya wuce. Cokali kuwa ninki 160. Kada ka ce na yi maka ƙage, an sa wa ma'aunin nan rata mai faɗi, ba wai da mutum ya tsallaka shi da taku ɗaya sai ya faɗi ba. Shi ya sa mai jefa ƙwaya uku a shayi ko biyar a tukunyar zoɓo ba shi da abin tsoro, ruwa ma ba ya iya jan man duka. Amma ninki 160 ba taku ɗaya ba ne, tafiya ce daga Gagarawa har Zinder.

Kuma ba hasashe nake maka ba, an gani. A 1993 wata mujallar likitocin yara ta Ingila ta buga labarin yaro ɗan shekara biyu da ya sha tsakanin mililita 5 zuwa 10 na man kanumfari, cokali ɗaya zuwa biyu ke nan. Ya sume, ya yi ta jijjiga, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata, hantarsa ta ji mummunan rauni. Da ƙyar aka ceto shi. A 2005 aka sake buga na wani ɗan wata 15 da ya sha mililita 10, hantarsa ta kusa tsayawa cak. Shi ma ya rayu, amma a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman da injinan gwajin jini a kowace sa'a. Ka duba daga Medu ko Zarada, da damina, da daddare, a kan babur, ka faɗa mini tsawon tafiyar da ke tsakanin uwa da irin wannan ɗaki.

Yadda abin ke faruwa kuwa, duk abin da ka haɗiya hanta ce ke karɓarsa ta sarrafa. In yujinol ya zo mata kaɗan-kaɗan, sai ta ɗaure shi ta miƙa wa ƙoda ya fita a fitsari, shi ke nan. In ya zo mata da yawa lokaci guda, wani kaso nasa yana rikiɗa ya zama dafi, ya cinye garkuwar da hantar ke kare kanta da ita, sannan ya shiga cin naman hantar. Hanyar ɗaya ce da ta farasitamol in an sha fiye da ƙima, har ma maganin da ake ba wanda ya yi wa farasitamol shan ganganci shi aka ba yaron nan na 2005. Ka ga ashe hanta ba ta tambayar takardar haihuwa. Ba ruwanta da wannan na itace ne, wancan na Bature ne.

Akwai kuma abin da ya fi damuna da mutanen layinka. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma galibinsu ba su ma sani ba. Ka ƙirga mutum ɗarin da suka kewaye ka a Maigatari ranar kasuwa, takwas a cikinsu hantarsu na fama da nata yaƙin a ɓoye. Da wane ido kake tantance su? Da biron? Ga masu shan maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, yujinol na rage wa jini saurin daskarewa, ya haɗu da maganin su taru su yi aiki biyu. Ga mai ciki, ga wanda za a yi wa tiyata a makon. Duk lasifikarka murya ɗaya take yi musu.

Na san abin da za ka ce. Za ka gyara hula ka ce kakanninka sun sha kanumfari sun yi shekara casa'in, har tutar jihadi ta zagaye ƙasar Hausa ba ta shiga Gumel ba. Na ji, wannan gorin mun saba da shi, mun bar muku garin don ba wurin kiwo a cikin ganuwa. Amma kakanka ƙwaya ya tauna, a turmi aka daka masa, da ɗan yatsa aka ɗiba. Bai taɓa ganin tataccen mai a kwalbar roba ba. Kai ne na farko a zuriyarku da ya riƙe wannan abu, kuma ka riƙe shi da ilimin turmi.

Mu koma kan kirfa, don an ce ita ce sabuwar amaryarka. Wai mai ciwon suga ya sha cokali da safe, cokali da yamma, a cikin zuma. A cikin zuma, Bamange! Mai ciwon suga! Wannan ko Bafulatanin da bai taɓa shiga gari ba sai ya riƙe baki. Maganar ko kirfa na sauke suga, binciken da aka yi sun saɓa wa juna, wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba, kuma babu wata ƙungiyar likitocin suga da ta ce a ajiye magani a kama ta. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne kirfa iri biyu ce. Ɗauko ɗaya daga teburinka ka dubi bakinta. In ka ga ɓawo ɗaya ne mai kauri, ja-ja, ya naɗe, mai taurin da sai turmi, to irin ta Sin da Indunusiya da Biyetnam ce, ita ce ta cika kasuwanninmu saboda arha. Ta Siri Lanka kuwa fatsi-fatsi ce, ɓawonta siriri ne an naɗa shi hawa-hawa, da yatsa ma kana iya murtsuke ta. Ta farkon tana da wani sinadari mai daɗin ƙamshi da ake kira kumarin, mai yawa. Ta biyun kaɗan ƙwarai.

Kumarin ɗin nan masu turare na ji da shi. Tun 1868 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya gano yadda ake haɗa shi a ɗakin gwaji, kuma daga 1882 ya shiga manyan turarukan Faransa, har gobe yana cikin sabulai da mayukan shafawa. A hanci lafiya lau. A ciki ne ake taka-tsantsan da shi, don yana taɓa hantar wasu mutane. Amurka ta hana zuba shi a abinci tun 1954. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa masa iyaka a 2004: kashi ɗaya cikin goma na miligiram a kan kowane kilo a rana. Hukumar Jamus da ta auna kirfar kasuwa ta samu wajen miligiram 3 a kowane giram na mai kaurin nan, ta ce mutum mai kilo 60 ya cika rabonsa da giram 2 kacal. Bai kai cikin cokalin shayi ba. Kai kuma ka rubuta masa cokali biyu kullum, wata da watanni. Turawan nan fa ba wasa suka ɗauki abin ba: a 2013 sai da aka yi ta cacar baki a Denmak tsakanin hukuma da masu gidajen burodi a kan yawan kirfar da ake barbaɗa wa wani naɗaɗɗen burodinsu na gado. Barbaɗe ke nan a kan burodi. Da sun ji lasifikarka da sun aiko jirgi.

Abin da ke da daɗin ji shi ne, waɗanda kumarin ya taɓa wa hanta galibi suna warwarewa in sun daina sha. Sai dai wa zai ce musu su daina, alhali Dakta ya ce na itace ne?

Humrar uwargida kuwa, a nan zan sassauta murya, don ita ba ruwanta, kuma duk abin kirkin da ke gidanka ita ta zo da shi. Na ga yadda take aikinta: ta soya farce, ta daka sandal da kanumfari, ta tankaɗe, ta jiƙa da turaruka, ta rufe kwalba ta ajiye a lungu har ya tsumu. A nan kam na sallama muku, duk ƙasar nan ba mai kama ƙafar matan Barebari da Shuwa a ƙamshi. Amma fata ma tana da nata hukuncin. Yujinol da sinadarin ƙamshin kirfa suna cikin abubuwa takwas da likitocin fata ke haɗawa su manna wa mutum a baya don su gane ko turare ne ke sa masa ƙaiƙayi. A 2003 Tarayyar Turai ta lissafa sinadaran ƙamshi 26 ta ce dole a rubuta sunansu a jikin kwalba in sun haura wani ɗan mitsitsin ma'auni, kashi ɗaya cikin dubu ɗari a abin da ake shafawa a bari a jiki. Yujinol da kumarin duk suna ciki. A 2023 ta ƙara wasu 56. Ba hana su aka yi ba. Cewa aka yi a faɗa wa mai saye, don wadda jikinta ba ya so ta kauce.

Kai kuma in mace ta dawo maka da wuya ya yi ja, ƙuraje sun feso a inda ta shafa, sai ka ce mata dattin jiki ne ke fita, ta ƙara shafawa. Ba datti ba ne, jikinta ne ya ƙi abin, kuma in jiki ya riga ya ƙi shi, da wuya ya sake karɓa. Duk sanda ta kusance shi sai ya tashi. Abin da za ka ce mata ba wuya: ta ɗan shafa a cikin dantse ta bar shi kwana biyu ta gani, ta fi shafawa a tufafi a kan fata, kada a shafa wa jariri, kada kuma a turara ɗakin mai jego a rufe ƙofa da taga da jinjiri a ciki. Akwai sauran maganar da ke yawo a wayoyin mata, ta jiƙa kanumfari mai kauri a yi tsarki da shi ko a yi matsi don maganin sanyi. Ni da kai ba za mu tsawaita a nan ba, da kunya. Ka dai san abin da man nan ke yi wa dasashi in an ɗiga shi tsurarsa, ya ƙone wurin ya yi fari. To wancan wurin bai fi dasashi tauri ba, kuma sanyi iri-iri ne, kowanne da maganinsa, sai an gwada ake sanin wanne ne.

Abin da ke ba ni mamaki da ku mutanen yankin nan, kun fi kowa sanin darajar awo in kuɗi ne a tsakani. Zoɓon da ake lodawa a Maigatari har Meziko yake zuwa, kuma kun ga yadda kasuwarsa ta faɗi lokacin da Meziko ta rufe ƙofa saboda ƙwaron da ta gani a buhuna. Riɗin Gagarawa ba ya hawa jirgi sai an ɗebi samfur an duba danshi da tsakuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da waken Nijeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa ya wuce ƙima. Duk wannan kun haddace, dillali ya ce "an ƙi kaya" kowa ya fahimta. Wato abin da za a kai wa baƙo a ƙetaren teku sai an auna, wanda za a ɗura wa ɗan maƙwabci kuwa kirari ya wadatar.

Kwalbar taka ma ko suna babu a jikinta. Ka sayo jarka a hannun wani da shi ma a hannun wani ya saya, ka ɗuɗɗura a kwalaben maganin tarin yara da ka wanke. Kwalbar maganin tari, Bamange! Uwa ta tashi cikin dare, ba wuta, yaro na tari, ta laluba kan kwaba ta ɗauko. Irin wannan kuskuren ya taɓa faruwa: a 1991 likitoci a Amurka sun ba da labarin jariri ɗan wata bakwai da aka ba cokalin man kanumfari bisa zaton wani man ne. Kuma mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwa, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami, ashe wani sinadarin masana'anta ne. Kai ma ba ka san me ke cikin jarkar ba, hancinka kawai ka ba amana.

Na ji an ce ka fara cika baki za ka nemo lambar NAFDAC. Madalla, ka nema, zan ma raka ka in yi maka tafinta. Amma ka sani tun yanzu, lambar da suke ba maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, ma'anarta an duba ba a ga abin cutarwa ba a ma'aunin da mai shi ya rubuta. Ba shaidar yana warkar da basir da taifot ba ce, kuma dole ka rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinka ba. Za su tambaye ka me ke ciki, nawa ake sha, wa bai kamata ya sha ba. Tambayoyin da na yi maka ke nan kyauta.

Ga hukuncin ubangida. Ka goge maganar jariri daga lasifikar nan yau, kafin ka ci tuwon dare. Ka daina ɗura mai a kwalbar maganin yara. Ka nemi ƙananan kwalabe masu marfin da yaro ba ya iya buɗewa, ka liƙa takarda da boko da ajami: ba a sha, a nisanta da yara. Mai ciwon haƙori ka ce masa ɗigo ɗaya a cikin cokalin man gyaɗa, a auduga, a kan haƙorin kaɗai, na kwana ɗaya ko biyu kafin ya isa wurin likita, don man na kwantar da zafi ne, ba ya cike rami. In kuma tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a wuya don ya yi amai, man na iya sarƙe shi ya gangara huhu. Kada a tsaya ba shi manja. Kada a tsaya ba shi nono, kuma ka lura Bafulatani ne ke cewa kada a ba da nono, ka san abin ya kai. A ɗauke shi tare da kwalbar a nufi asibiti, Gumel ko duk wanda ya fi kusa, ko da ya farfaɗo yana wasa, don ɓarnar hanta sai bayan kwana ɗaya ko biyu take fitowa fili.

Kanumfarin ƙulli, kirfar shayi, citta da masoro, ka ci gaba da sayarwa, ni ma zan aiko a saya, bashi. Farar rigar kuma kada ka yar, ka ba mai shayin bakin tasha, ya fi ka bukatarta. In Alhamis ta zagayo na shigo kara da bijimina na ji lasifikar nan ba ta sauya karatu ba, ba hukuma zan kai ka ba, don su sai su yi maka da sauƙi. Wurin uwargida zan je in gaya mata kwalabenta na humra da take nema tun kafin azumi, ga inda suka shiga.